Katako Marar Hatimi

Furfura ta riga ta cinye kan Kafinta har ta gangaro gemunsa, amma a bakin yayarsa har gobe sunansa Auta. Ko a gaban masu sayayya haka take kiransa, shi kuma ya amsa, sai dai yakan sunkuyar da kai ya kama laluben fensirin da ke maƙale a bayan kunnensa. Ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Da matarsa ta rasu ta bar masa 'ya ɗaya tana rarrafe, ita ce dai ta sake ɗaure ɗamara ta raini yarinyar, wadda kowa ke kira Shalele. Don haka in Yaya ta shigo shago ta ce ƙafar tebur ta karkace, ba ya musu. Yakan bari ta tafi, sannan ya ɗauko abin awo ya duba a ɓoye. Abin haushin shi ne, yawanci ƙafar ta karkace ɗin.

Shagon rumfar kwano ce a bakin titin da ya fito daga daji ya nufi kasuwa. Akwai dogon teburin aiki da ya sha guduma har ya yi ramuka, da zartuna a rataye jikin bango, da gwangwanayen madara cike da ƙusoshi, kowane da girman nasa, da wata tsohuwar rediyo da ba ta magana sai an mare ta. Garin katako kuwa har a cikin kofin shayi.

Yaya ce shugabar ƙungiyar da ke kula da gandun dajin garin. Tsarinsu ba mai wuyar ganewa ba ne, haƙuri kawai yake ci. An raba dajin kashi-kashi. Kowace shekara kashi ɗaya ake shiga, a cikinsa ma sai itacen da ya ƙosa, wanda aka shafa wa jan fenti. In an kayar da shi, a kai gungumen injin tsaga, kowane falanki ya fito a buga masa hatimin ƙungiya a baki. Mata su bi sawu da dashe a cikin 'yan ledoji su cike gurbin. Kafin zagaye ya dawo kan kashin farko, jaririn da aka haifa a shekarar ya zama magidanci, itatuwan ma sun isa sara. Bakin rafi ne kaɗai ba a taɓawa ko da wasa, domin saiwoyin manyan itatuwan madacin da ke wurin su ke riƙe da gaɓa, su ke tsare ruwan da garin ke sha.

Daga cinikin katakon ake biyan masu gadi da matan dashe, a gyara hanyar daji in damina ta cinye ta. Shi ya sa katako mai hatimi yake da tsada. Yaya takan gaya wa masu ƙorafi cewa ba falanki kaɗai suka saya ba, har da itacen da zai tsiro a gurbinsa.

Kullum in rana ta karkata takan biyo ta shagon a hanyarta ta dawowa daga wurin renon dashe, takalminta duk laka. Kafin ta gaishe shi sai ta juya bakin falankin da ta fara cin karo da shi ta duba.

"Haba Yaya, ni ma ba ki yarda da ni ba?"

"Kai na yarda da kai mana. Katakon ne ban san halinsa ba."

A shekarar da wannan abu ya faru, wani dillali ya ɓullo daga birni. Shi ba ya shiga daji, ƙaya ma ba ta taɓa kama masa wando ba. Yakan ajiye motarsa a bayan gidan mai, ya raba wa masu injin sare itace fetur da sabuwar sarƙa, su shiga su kayar, su tsaga a nan inda itacen ya faɗi, su fito masa da falankai. Bai dasa ba, bai biya mai gadi ba, bai cike ramin hanya ba, don haka ko a rabin farashi ya sayar ya ci riba. Masu kyan ya loda zuwa birni, ragowar ya zuba a kasuwar garin.

Kafinta ya fara jin abin a jikinsa ranar da wani tsohon abokin cinikinsa, mai gina gidan haya, ya zo neman ƙofofi. Da ya ji farashi sai ya riƙe baki.

"Na tsallaken titi ya ce zai yi mini a rabin wannan."

"Je ka duba katakonsa, ka ga ko akwai hatimi."

"Ni ƙofa nake nema, malam. Hatimin ne zai hana ɓarawo shiga?"

Ya tsallaka titi, Kafinta yana kallonsa. Bayansa wasu suka bi. Katakon ƙungiya ya taru a rumfarta, awaki suna kwana a kai, ba mai taya shi. Da ciniki ya tsaya sai albashin masu gadi ya tsaya, su kuma suka fara sulalewa, wannan ya koma tuƙa babur, wancan ya koma gona. Da gadi ya yi sako-sako sai injunan suka ƙara yawa a daji, katakon sata ya ƙara araha. Yaya ta rame har zoben hannunta ya fara juyawa. Kafinta kuwa ya koma gyaran karyayyun kujeru da marin rediyo.

Mijin Shalele mai injin sare itace ne, kowa ma Mai Inji yake ce masa. Ƙato ne mai faɗin kafaɗa, marar surutu, in ya zo gaida surukinsa sai ya durƙusa ya zuba wa ƙasa ido kamar ya yar da allura. Ƙungiya takan ɗauke shi aiki in an buɗe sara, kuma babu kamarsa: yana iya kwantar da babban itace a tsakanin 'yan dashe biyu bai karya ko ganye ba. Sai dai sara ba ya wuce 'yan watanni. Sauran shekara injin yana kwance a ƙarƙashin gado. Ga shi Shalele tana da tsohon ciki.

Wata safiya Kafinta yana buɗe shago sai ga Mai Inji ya turo amalanke, an lulluɓe kayan da buhunhuna. Ya durƙusa ya yi gaisuwa, sannan ya yaye buhu ɗaya.

"Baba, na ga aiki ya yi sanyi a shagon, shi ne na ce bari in kawo wannan. Ka yi ƙofofi ka sayar. In an sami ragowa, a yi wa mai zuwa ɗan gado."

Kafinta ya duba. Falankai ne jajaye, masu faɗin da mutum zai kwanta a kai ya juya. Ɗanyu ne shakaf, ga sawun haƙoran sarƙa a jikinsu, bakinsu kuwa fayau, ba hatimi. Ya san madaci mai wannan faɗin wuri ɗaya ya rage a dajin nan. Ya kamata ya tambaya. Amma bakinsa ya yi nauyi, domin suruki ba ɗan cikinka ba ne da za ka kama kunnensa, ga shi kuma yaron alheri ya kawo. Ban da wannan, tafin hannunsa ya riga ya sauka a kan katakon yana shafawa. Ya manta rabon da ya taɓa irinsa. Har ya hango ƙofar da za ta fito, da yadda za ta yi ƙyalli in ta sha mai.

"Allah ya yi albarka," abin da ya iya cewa ke nan.

Suka jera falankan a lungun shago. Bayan Mai Inji ya tafi, Kafinta ya rufe su da tampol, ya ɗora wata karyayyiyar kujera a kai, ya ja da baya ya duba, ya sauke kujerar, ya sake mayar da ita. Yinin ranar ko ƙusa ɗaya bai buga daidai ba.

Da rana ta karkata sai ga Yaya. Ta juya bakin falankin da ke kan teburin aiki kamar kullum, ta ga hatimi, ta ajiye. Sannan ta tsaya a tsakiyar shagon ta ɗan ɗaga hanci. Kafinta ya yi wuf ya jawo mata kujera mai kyau ya kaɗe ta da hularsa.

"Zauna nan, Yaya, nan ya fi iska."

"Bar shi. Yau lungu nake sha'awa."

Ta wuce ta sauke karyayyiyar kujerar, ta hau kan tampol ɗin ta zauna, ta miƙe ƙafafu. Ta ce a kawo mata shayi. Ta sha a hankali, tana ba shi labarin akuyar da ta shiga wurin reno ta cinye dashe layi guda, da ciwon gwiwar da ya dame ta, da tsadar ledoji. Kafinta yana amsawa da "to" da "ayya", gumi yana bin bayansa. Sai da ta shanye ta miƙe, ta shafa bayan zanenta, ta duba tafin hannunta.

"Auta, wannan kujerar taka tana jiƙa zane."

Ya kama laluben fensirin bayan kunnensa.

"Tun daga bakin titi na ji warin ɗanyen madaci. Na zauna ne in ga ko za ka faɗa da bakinka, ka bar ni ina ta zuba kamar rediyonka. Wa ya kawo?"

"Yaya, kyauta ce aka..."

"Ban tambaye ka ko saye ne ba. Wa ya kawo?"

Da ya faɗa, sai ta koma ta zauna, wannan karon a kan kujerar da ya kaɗe mata. Ya ga tana juya zoben nan a yatsa. Can ta ce ya aika wa yaron, gobe da safe su uku za su je ya nuna musu wurin.

Suka tafi da hantsi, Mai Inji a gaba kansa a ƙasa, Yaya a tsakiya da sandarta, Kafinta a baya yana fama da numfashi. Tun kafin su isa ya gane wurin, domin rana tana zuba a kan ruwa a inda bai taɓa ganin rana ba. Kututturen yana nan a bakin gaɓa, faɗinsa kamar babban faranti, jan ruwa yana tsattsafowa ta gefensa. Garin katako ya rufe ciyawa, wani ya gangara cikin rafin.

Yaya ta dafa kututturen. "A ƙarƙashin itacen nan nake wanke wa wannan tsohon kayansa yana yaro," ta ce, ta nuna Kafinta da haɓa. "To, ina jin ka."

Mai Inji ya durƙusa a cikin garin katakon.

"Gwaggo, ba zan yi miki ƙarya ba, ni na sare shi. Ƙungiya tana kira na in an buɗe sara, in an rufe ta sallame ni. Shi kuwa ciki bai san an rufe sara ba. A asibiti sun ce mu yi tanadi, wataƙila haihuwar sai an yi aiki. Dillalin nan ya ba ni fetur, ya ce madaci yake so. Sai da na gama na ji cewa abin da ya ba ni a kan itacen nan gaba ɗaya, a birni ƙofa guda ta fi shi. Raina ya ɓaci, shi ne na ɓoye masa mafi kyan, na ce gara Baba ya ci."

"Wato ka yi wa gari sata, ka juya ka yi wa ɓarawon sata, sannan ka kai wa surukinka ajiya."

Kafinta ya ji dariya ta taso masa a wurin da ba na dariya ba, sai ya juya baya ya yi tari, ya taka zuwa inda kan itacen ya faɗi. Nan ya tsaya turus. Rabin itacen yana kwance yadda ya faɗo. Rassa ne manya, wasu kaurin ƙugun mutum, wasu kamar cinya, sun karkace sun miƙe sun sake karkacewa, ganyensu ya fara yaushi.

"Wannan fa?" ya ɗaga murya. "Yaushe za a kwashe?"

"Dillalin ba ya so, Baba. Miƙaƙƙen gindin kawai yake karɓa."

Kafinta ya bi wani reshe yana aunawa da taƙi, bakinsa yana motsi. Nan ƙafafun kujera ne, nan katakon taga, nan kan benci. Ya juyo.

"Yaya, ku a kashin da kuke sara, me kuke yi da irin wannan?"

"Injin tsaga ba ya karɓar karkatacce. Mata su ɗebi ƙananan su yi girki, manyan gara ta ci."

"Gara!" Ya cire hula ya sake mayarwa. "Ni rabin aikina gajeren katako ne. Ina sayen dogon falanki da tsada in zo in yanyanka shi gutsi-gutsi don in yi ƙafar kujera, ashe ƙafafun kujera suna nan kwance kuna ciyar da gara. Ku ba irin su wannan yaron izini su tsaga rassan mana, a yi musu ɗan hatiminsu daban, a sayar mana da sauƙi. Su sami aikin rani da damina, mu mu sami abin da za mu kara da na tsallaken titi, ƙungiya ta sami nata a abin da take zubarwa."

Yaya ta dube shi, ta dubi rassan. Ya san wannan kallon, irin wanda take yi wa ƙafar tebur ne in ta rasa inda ta karkace.

"Wannan magana ce ta taro," ta ce. "Amma ba za ta mayar da itacen nan tsaye ba. Zan kai ƙara."

A hanyar dawowa ya bari Mai Inji ya yi nisa, sannan ya matso kusa da ita.

"Yaya, ki dubi Shalele. Ke kika goya ta."

"Kai za ka tuna mini? In na rufe wannan don mijin 'yata ne, gobe da wane baki zan kama ɗan wani?" Ta share fuska da gefen mayafi. "Zafin nan ya yi yawa," ta ce, ko da yake a inuwa suke tafiya.

Aka yi taron a rumfar ƙungiya, mutane zazzaune a kan falankan da suka ƙi sayuwa. Yaya ta miƙe ta faɗi komai, ba ta rage ba. Da ta zo ƙarshe ta ce, "Wanda ya ɓoye kayan kuma ga shi can, Auta ne." Rumfar ta kwashe da dariya, har da waɗanda suka zo da fushi. Kafinta ya nemi fensirinsa a bayan kunne, ya tarar ya bar shi a shago.

An daɗe ana ja-in-ja. Wasu suka ce a miƙa Mai Inji ga hukuma kawai. Wani tsohon mai gadi ya ce in an ɗaure shi, gobe dillalin zai ba wani fetur ɗin, kuma wancan bai ma iya kayar da itace ba, sai ya haɗa da dashe. A ƙarshe aka yanke cewa injin zai koma ɗakin ajiyar ƙungiya, ba zai fita ba sai da sanin mai gadi. Mai Inji zai dasa bakin rafin, ya yi ta ban ruwa har dashen ya kama. Falankan kuma za a yi bencina da su a kai asibitin garin, inda masu jira ke zama a ƙasa, Kafinta ne zai yi aikin, kuma ladansa a lahira.

Maganar rassa ta fi cin lokaci. Wata daga cikin matan dashe ta ce rassan da ke ruɓewa su ne abincin ƙasa, in an kwashe duka me dashen zai ci? Aka yarda a bar ganye da ƙanana, a ɗauki manya kawai. Wani ya ce sabon hatimin zai zama rigar ɓarayi, kowa ya saro nasa ya ce reshe ne. Aka yarda ba za a buga shi a kan katakon da ya wuce tsawon hannu biyu ba, kuma a cikin daji za a buga, a gaban mai gadi, a kashin da aka buɗe. Aka tashi ba kowa ne ya gamsu ba.

Wadda ta fi kowa rashin gamsuwa ita ce Shalele. Ta zo shagon da yamma tana tafiya da ƙyar, hannu a ƙugu, idonta ya yi ja.

"Baba, Gwaggo ta tona mana asiri a gaban gari. In kuskure ya yi, ba sai ta kira shi gida ta yi masa faɗa ba? Ni yanzu ko kasuwa ba na iya shiga."

"Ni ma ai ba ta bar ni ba, 'yar nan."

"Kai ka saba."

Daga ranar ta daina zuwa gidan gwaggonta, in ta hango ta a titi sai ta sauya hanya. Yaya kuwa ta ci gaba da dafa abinci tana kawowa shago a kwano mai murfi, ta ce wa Kafinta ya kai wa mai ciki. In ya kai, a dawo da shi ko buɗewa ba a yi ba. Sai ya zauna a bayan teburin aiki ya cinye, ya wanke kwanon.

"Ta ci?" Yaya takan tambaya washegari.

"Tas ta cinye."

"Madalla. Na ga ma har kumatunka sun fara cikowa."

Aikin rassa ya fara da wahala. Mai Inji yakan karɓi injinsa da safe kamar wanda ya je belin ɗan'uwa, ya yini yana tsaga karkatattun rassa, da yamma ya mayar, sannan ya ɗauki jarkoki ya nufi bakin rafi. Katakon da ke fitowa gajere ne, cike da ƙulli, yana dakushe zarto, Kafinta yana yi yana mita cewa shi ya jawo wa kansa. Amma kujerun da ya fitar sun yi kyau, kuma farashinsu ya sauko inda talaka zai miƙa hannu. Mai shayin bakin kasuwa ya sayi benci. Makaranta ta aiko a yi mata tagogi. Wata rana sai ga na tsallaken titi ya tsallako, yana ta kewaye-kewaye da zancen zafi da tsadar gam, kafin ya tambaya a ina ake samun mai ƙaramin hatimin. Ƙofofin da ya yi da ɗanyen katakon dillali sun fara bauɗewa, masu gida suna yi masa sintiri.

Wasu masu inji biyu suka kawo kansu ƙungiya, don sun ga aikin rassa bai kai na dillali kuɗi a rana ɗaya ba, amma kullum akwai shi, kuma ba a gudun kowa. Masu gadi suka fara dawowa. Dillalin bai ɓace ba, ya dai matsar da motarsa zuwa ɗaya gefen dajin, inda hanya ta fi nisa, kuma har yanzu akan wayi gari a ga sabon kututture. Dogayen falankai ma ba su daina tsada ba, suna fita a hankali. Sai dai rumfar ƙungiya ta daina zama wurin kwanan awaki.

Haihuwar ta zo da aiki kamar yadda aka yi tsammani. Ƙungiya ta ba Mai Inji wani abu daga ladan aikinsa na gaba, Kafinta ya cika da cinikin tagogi. Aka sami 'ya mace, uwa da jaririya lafiya. Yaya ta yini a asibitin a kan ɗaya daga cikin sababbin bencinan, jakarta a cinya, duk wanda ya fito daga ɗakin sai ta tare shi da tambaya. Ba a ce ta shiga ba, ita kuma ba ta shiga ba. Kafinta ya fito ya ce mata jaririyar tana da gashi da yawa. Ta ce to, Allah ya raya, ta tashi ta tafi gida.

Bayan Shalele ta warware, iska ta yaye rumfar da ke yi wa dashe inuwa a wurin reno, aka kira Kafinta ya gyara. Yana kan tsani da ƙusoshi a baki, Yaya tana tsugune a ƙasa tana cusa ƙasa a ledoji, Mai Inji yana cika jarkoki a famfo, sai ga Shalele ta shigo da kwanon abincin mijinta a hannu, da goyo a baya. Jaririyar tana tsala kuka tun daga bakin shinge.

Shalele ta wuce ta gaban gwaggonta ba ta dube ta ba, ta ajiye wa mijinta kwano. Ta jijjiga goyon, kukan ya ƙaru. Ta kwance ta, ta sa a kafaɗa, ta zagaya, ta yi 'yar waƙa, ba abin da ya sauya. Yaya ba ta ɗago ba, amma Kafinta daga sama yana gani ta cika leda ɗaya har ƙasa tana zubewa, ba ta daina cusawa ba.

Shalele ta zo ta tsaya a kanta.

"Gwaggo."

"Na'am."

"Ki wanke hannu ki karɓe ta. Tun safe take yi, ni na rasa yadda zan yi da ita."

Yaya ta miƙe da saurin da gwiwarta ba ta saba ba. Ta rasa inda za ta nufa, ta tsoma hannu a bokitin ban ruwa, ta ga bai fita ba, ta ruga famfo ta ture jarkar Mai Inji, ta wanke har gwiwar hannu, ta goge a mayafi. Ta karɓi yarinyar ta kifa ta a kan hannunta, tana shafa mata baya daga ƙasa zuwa sama.

"Ciki ne ke murɗa mata. Kina sa ta ta yi gyatsa in ta sha? Ga shi kin naɗe ta kamar za a aika ta wata ƙasa. Zauna ki huta, kin ci abinci ma kuwa? Kai kuma," ta ɗaga kai sama, "ajiye gudumar nan, kana firgita ta."

Kafinta ya sauko a hankali, ya zubar da ƙusoshin bakinsa a aljihu, ya zauna a kan matakin tsani na ƙasa da guduma a cinya. Shalele ta zauna a kan buhun taki, ta jawo kwanon da ta kawo wa mijinta ta buɗe ta fara ci, shi kuma yana tsaye yana kallo. Kukan ya koma shessheƙa. Yaya tana kai da komo a tsakanin layukan dashe tana yi wa jaririyar magana ƙasa-ƙasa, kuma duk sanda Kafinta ya motsa zai koma kan tsani sai ta harare shi. Ranar dai ba a gama rumfar ba.